Jinin da Bai Hau Ba

Ido ɗaya ya rage mini a shekarar da aka kawo na'urar nan asibitin ido na garinmu. Na dama ya ajiye aiki tun kafin nan, ba tare da ya rubuto takardar sanarwa ba. Yana nan a kujerarsa, yana juyawa duk inda ɗan'uwansa ya juya, wanda ya kalle ni ba zai ce komai ba. Amma in na rufe na hagu da tafin hannu, abin da nake gani bai fi na mai leƙe ta ramin makulli ba. Na hagun shi ne komai nawa. Da shi nake karatu, da shi nake tsallake titin Dass, da shi nake bambance gwangwanin gishiri da na sukari. Shi ma kuma, in ji likita, ya fara cinyewa ta gefe, kamar tabarmar da gara ta samu.

Na yi shekara talatin da 'yan kai ina koyar da Hausa a makarantun 'yan mata, nahawu musamman. Akwai matan manya a garin nan da har yau in sun hango ni a wurin biki sai su gyara zama, kamar zan ce su fito allo su rarrabe mini suna da sifa. Na ambaci wannan ne don a san kuskuren da na yi ba na rashin karatu ba ne. Karatun ne ma ya ja ni.

A Ƙofar Ran aka kai ni aure, babban gida mai sassa bakwai, inda in ka yi tari a ɗakinka mutum uku za su ce maka sannu ta bayan katanga, na huɗu ya aiko da citta. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, malamin gona ne, ya ƙare aikinsa yana mafarkin gidan da zai ji shiru. Ya gina shi a Gwallameji, ɗaki uku da falo da get na ƙarfe. Ya samu shirun da yake nema na wata tara, sannan ya samu wanda ya fi shi. A gidan gado aka yi jana'iza, a can na yi takaba. Da na dawo Gwallameji na tarar maƙwabta ba su ma lura mun yi tafiya ba. Ba mugaye ba ne. Ma'aikata ne da ɗalibai. Da safe get ya buɗe mota ta fita, da yamma ta shiga get ya rufe. 'Ya'yana biyu, namijin yana Fatakwal, macen tana aure a Kaduna, suna kira ran Juma'a. Sun ce in koma wurinsu, dangin miji sun ce in dawo cikin gari. Na ce to wa zai ba mangwaron da ya dasa ruwa. Kowa ya san ba amsa ba ce, kowa ya karɓa.

Bayan dawowata da 'yan watanni na fara karo da gefen ƙofa. Na je asibiti, aka hura mini iska a ido, aka zaunar da ni gaban wani abu kamar ƙwarya ina danna maɓalli duk sanda na ga ɗigon haske. Likita ya faɗi sunan ciwon da Turanci. Nas ɗin da ke tsaye, 'yar cikin gari, ta sunkuyo ta fassara mini cikin tausayi: "Mama, hawan jinin ido ne."

Sunan ya yi mini, in dai sunan ciwo yana yi wa mutum. Kalma uku, mahaɗi biyu, ba abin da ya yi saura: hawa, jini, ido. Da ɗaliba ce ta ƙirƙiro shi da na cika mata maki. Aka ba ni maganin ɗigawa, safe da yamma, aka ce har ƙarshen rai.

Na dawo gida na yi tunani irin na aji. Hawan jini ciwo ne sananne, maigidana ya daɗe yana fama da shi. Hawan jinin ido kuwa, bisa ƙa'idar harshe, reshensa ne, kamar yadda ciwon kai yake reshen ciwo. Ɗigo daga waje yake aiki, jini kuwa a ciki yake. Mai son sauke jini sai ya bi shi ta ciki. A durowar gefen gadonsa akwai kwali biyu na ƙwayoyinsa da bai kai ga sha ba, farare ƙanana, da rubutun hannunsa a jiki: ɗaya bayan isha'i. Na bi umarnin. A zamanmu ban cika bin umarninsa da sauri haka ba.

Da suka ƙare na ɗauki fankon kwalin na tafi kemis ɗin bakin titi inda yake saye. Mai kemis ɗin dattijo ne mai fara'a, furfura ta fara sauko masa gemu. Ya juya kwalin ya ga rubutun.

"A'a, ai na Baba ne. Kwana biyu ban gan shi ba. Bai fito ba ne?"

Na ce, "Bai fito ba."

"Yaya jikin nasa?"

"Alhamdu lillahi."

"A gaishe shi. Ki ce masa ya rage gishiri, na san halinsa da balangu."

Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Na sake duba jimlolin a hanya, duk sun tsaya da ƙafarsu. Tun daga nan duk wata nake zuwa, duk wata a tambaye ni jikinsa, a ba ni gaisuwa in kawo gida. A faɗin Bauchi shagon nan mai taku huɗu ne kaɗai wurin da maigidana yake da rai, har yana cin balangu a ɓoye. Na fi shekara ina haka. Jiri ya fara ɗibata in na ɗago daga sujada, na ce tsufa ne.

Likitan da ke duba ni matashi ne daga kudancin jiha, can ƙasar duwatsu, a kasuwa da makarantar kwana ya tsinci Hausa. Mace da namiji duk "ka" ne a bakinsa. Ranar farko na gyara masa sau biyu, ya yi godiya sau biyu, ya ci gaba da abinsa. Daga baya na haƙura. Na ma lura ina ɗokin ranar asibiti, don akwai wanda zai ce mini "ka zauna".

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, awo yana nuna ɗigon yana aiki, matsin da ke cikin idon ya sauka, amma gani sai raguwa yake. Kowane zuwa ya ɗora takardar gwaji kusa da ta baya, baƙin da ke gefe ya ƙara matsowa tsakiya. Ya tambaye ni ko ina tsallake ɗigo. Na ce ban taɓa tsallake aji ba balle ɗigo. Ya ce, "Akwai wani magani da likita ya rubuta maka ban da wannan?" Na ce babu. Gaskiya ce. Ba ni aka rubuta wa ba.

Wata rana ya ce an kawo musu wata na'ura aro na 'yan watanni, daga inda ya yi ƙarin karatu, wadda take auna gudun jini a can bayan ido da hasken leza. Yana so ya ga nawa. Ya ce in zo da wani, don za a buɗe ƙwayar idon da magani, in an gama ba zan ga hanya sosai ba.

Kwana uku ina jera mutane a raina. Facalata ta Ƙofar Ran ƙafa ta hana ta fita. 'Yar ƙanwar maigidana tana ofis. In na gaya wa ɗiyata za ta baro yara ta hau mota, daga nan kuma maganar komawa Kaduna ta tashi. Ranar na ɗauki lema na tare keke ni kaɗai.

A benci na tarar da wani dattijo da matarsa, daga ji mutanen ruga ne da suka daɗe a gari, Hausarsu da sauran Fillanci a gefenta. Shi za a auna. Nas ta ɗiga mana magani ta ce mu rufe ido, saboda haka da kunne na kalle su.

"An ce wuta ce," in ji shi. "Irin wadda ake yanka ƙarfe da ita."

Ta ce, "To ai ka huta. Idon da bai ga ramin ƙofar gida ba, me aka yi asara?"

"Na gan shi. Shi ya matso."

"Ramin ne ya matso?"

"Ke dai riƙe mini hular."

"Na riƙe. Sandar ma na riƙe. Kai ma ni na riƙe ka, Alhaji, tun ba ka da wannan tumbin."

Sai na ji ta taɓa gwiwata. "Hajiya, ina naki ɗan rakiyar?"

Na ce ni na rako kaina. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Da aka jima ba wanda ya zo, sai ta cusa mini ɓarin goro a hannu.

Ɗakin da duhu-duhu, an saki labule. Na'urar ba ta fi keken ɗinki girma ba.

"Mama, ka sa haɓa a nan, goshi a nan. Ka kalli ɗigon nan. In na ce tsaya, kar ka ƙifta sai na ƙirga huɗu."

Na jira wutar yanka ƙarfe, ba ta zo ba. Ko ɗumi ban ji ba. Ya ƙirga, ya sake, ya sake, ya ce shi ke nan. Sai ya juyo mini da allon. Rubutun ban iya karantawa ba saboda maganin, amma launi na gani. Wani ɗan faifai ne, jijiyoyi sun fito daga tsakiyarsa sun bazu kamar saiwar rama, launin yana ƙaruwa yana dushewa, yana ƙaruwa yana dushewa.

Ya ce, "Bugun zuciyanka ke nan."

Shekara sittin da ɗoriya ina ɗauke da wannan wuri. Duk abin da na taɓa gani a kansa ya sauka, fuskar mahaifiyata, allon aji, likkafani, amma shi ban taɓa ganinsa ba sai ranar.

Ya yi mini bayani. Hasken yana sauka a kan ƙwayoyin jini ya dawo. Inda suke gudu, abin da ya dawo sai ya gauraye. Inda suke jan ƙafa sai ya fito tsaf. Na ce kamar hoton ƙarshen shekara ke nan, ɗalibar da ta motsa fuskarta ta ɓaci, wadda ta tsaya cik ta fito. Ya ce haka ne, sai dai a nan mai motsin ake so. Na ce a ajin ma, in za a faɗi gaskiya.

Ja shi ne gudu, shuɗi jan ƙafa. Ya nuna mini na wani mai lafiya don kwatance, jajir kamar garwashi. Nawa kuwa shuɗi ne da ɗan kore, kamar zanen rini da ya sha wanki.

"Jini ba ya isa wurin, Mama. Jijiyan gani yana jin yunwa."

"Ba ya isa? Ai hawa ya yi."

"Wane ne ya hau?"

"Jinin mana. Hawan jinin ido. Ba shi kuka ce ba?"

Ya jingina da kujera ya dube ni. "Haka mutane suna faɗi. Amma ba jini ba ne, ruwa ne. Ido yana da ruwa nasa, shi ne ba ya samun hanyan fita, sai ya matse jijiya. Jini kam muna so ya zo."

Na gyara masa "hanyar" a zuciya, don sabo. Ya ɗauko abin awon jini ya ɗaura mini a damtse. Ya duba, ya sake.

"Kai mai hawan jini ne?"

"A'a."

"Wannan ya yi ƙasa da yawa. Mama, bar maganan abin da likita ya rubuta. Mene ne yana shiga bakinka? Ko na gargajiya, ko na maƙwabci, duka."

Tambayar ba ta da kyan gini, amma ba ta bar mini kafar zillewa ba. Na buɗe jaka na ajiye kwalin a tebur. Ya karanta sunan maganin, ya juya ya ga rubutun hannu.

"Na wane ne?"

"Na maigidana."

"In kai kana sha nasa, shi yana sha wanne?"

"Ya rasu."

Ya ce Allah ya ji ƙansa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce in mutum ya yi barci jini kan sauka da kansa, ni kuma daidai lokacin nake ƙara danna shi ƙasa. Ruwa yana matsa jijiyar ta gaba, ni ina janye mata abinci ta baya. Ba zai rantse cewa wannan ne kaɗai dalili ba, amma shi ne abin da ke hannunmu. Ya ƙara da cewa ba ni ce ta farko da sunan ya ruɗa ba. Wannan bai sanyaya mini rai ba. Sauran ba su sha tsayawa gaban allo suna koya wa 'ya'yan mutane cewa farin jini ba fari ba ne, ba kuma jini ba ne.

Ya ce kada in daina shan ƙwayoyin lokaci ɗaya, in rage a hankali yadda ya rubuta. In riƙa zuwa kemis na kusa ana auna ni sau biyu a mako, ina rubutawa. In dawo bayan wata uku a sake duba launin.

A waje rana ta zama farar ƙasa, titi da mutane duk sun narke. Na tsaya a bakin get ƙarƙashin lema ina ɗaga wa duk wani abu mai ruwan ɗorawa hannu. Na ɗaga wa wani kwandon shara sau biyu kafin wani mai keke ya tausaya ya ce, "Mama, ina zuwa?"

Kemis ɗaya ne a unguwarmu mai abin awo, na bakin titin nan. Na yanke shawarar in riƙa zuwa Wunti, inda ba wanda ya san ni. Sau ɗaya na yi. Ina saukowa daga keke jiri ya ɗebe ni, na zauna a bakin kwalbati tsakanin mai masa da mai gyaran takalmi har ya sake ni. A nan zaune na ga abin a fili. Ba zan iya wannan tafiya sau biyu a mako ba, in kuma ba a auna ni ba likita yana aiki a makance, idon kuma ba jirana yake ba.

Ran Litinin na tafi bakin titi.

"Hajiya, sannu da zuwa. Ai wata bai cika ba. Ko Baba ya fara ninkawa ne?"

"Awo na zo. Ni za a auna."

Ya jawo mini kujera, ya ɗaura, ya matsa, ya leƙa. "Kai! Hajiya, ke da Baba ku yi musaya mana, ya ba ki rabin nasa ki ba shi rabin naki, kowa ya huta. Yaya jikin nasa?"

Alhamdu lillahi tana bakina a shirye. Na ce, "Ya rasu. Bayan babbar sallah zai cika shekara biyu."

Iskar abin awon tana fita a hankali, ba wanda ya tuna ya kwance shi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. To ƙwayoyin fa?"

"Ni."

Ya dube ni, ya cire hula, ya mayar. Bai tambayi dalili ba. Ya zagayo daga bayan kanta ya durƙusa, kamar yadda ake yi a zaure ranar uku, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo. Wata mata da ke jiran maganin tari ta shafa tare da mu ba ta san wa ya mutu ba. Sannan ya ce, "Yaya haƙuri, Hajiya?"

Na ce, "Da godiya."

A zaman takaba mutane ba iyaka sun yi mini wannan tambayar, na amsa kamar mai kiran rajista. Wannan ce ta same ni. Na dawo gida ba gaisuwar da zan kawo, na buɗe get, na daɗe a tsakar gida ban shiga ba.

Jiri ya tafi a mako na biyar. Lambobin da ke cikin ɗan littafina suka riƙa hawa kaɗan-kaɗan, karo na farko da na ga ana yi wa mutum murnar hawan jini. Mai kemis ya daina wasa da ni na ɗan lokaci, daga baya ya koma tambayar mangwaro.

Da wata uku ya cika na sake sa haɓa da goshi, na sake ƙin ƙiftawa. Garwashi bai zo ba. Amma shuɗin ya ja baya, kore ya yi yawa, har da ɗan ruwan ɗorawa a gefe ɗaya. Likita ya ɗora takardar gwaji kusa da ta baya. Ya daɗe yana kallo. Baƙin yana nan inda muka bar shi, bai matso ba.

"Wanda ya tafi ba zai dawo ba, Mama."

"Na sani. Wanda ya rage fa, zai kai ni?"

"Ya kai ka ina?"

"Inda za ni."

Ya gane. Ya ce, "Ban sani ba. Amma baƙin ya daina gudu."

Bayan 'yan makonni masu na'ura suka karɓi abarsu, sai na ƙirƙiri tawa. Tagar falona tana da sandunan ƙarfe goma sha biyu a tsaye. Kullum in gari ya yi haske nakan zauna a kujera ɗaya, in rufe na dama, in kafa na hagu a kan sanda ta bakwai, in ƙirga nawa nake gani ba tare da na motsa ido ba. Da na gaya wa likita ya yi dariya ya ce wannan ba kimiyya ba ce, amma in ci gaba, in kuma ya canza in zo ranar, kar in jira ranar da ke katin asibiti.

Tara nake gani. Uku na ɓangaren hanci sun tafi tun kafin in fara ƙirga, ba na nemansu. Akwai safiyar da na samu takwas, na zauna ina ta sake ƙirgawa, ba kuma wanda zan kira daga ɗaki in ce zo ka duba mini. Ashe labule ne ya sauko ya rufe ta ƙarshe.

Yau ma tara ne. Na ɗiga maganin, na jira ya bi, na ɗauko littafin da nake karantawa, na buɗe inda na tsaya jiya.